Darasi na 9: Fitilun gaban direba da zuwa gareji

Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun da ke bayan sitiyari za su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Ka riƙa lura da wannan. Fitilar da ba ta kama ba, ko dai ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi don a rufe matsala. Masu sayen mota ta hannu su kula.

Jar fitila tana nufin tsaya. Mai ruwan ɗorawa tana nufin a duba ba da daɗewa ba.

Mafi haɗari ita ce ja mai siffar buta da ɗigon mai a bakinta: baƙin mai ba ya zagayawa da ƙarfi a cikin inji. Sauka gefen titi ka kashe mota nan take. Jira minti 5, zaro sandar awon mai, goge ta da tsumma, mayar, sake zarowa. Mai ya kasance tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar. Tazararsu kusan lita 1 ce a yawancin ƙananan motoci. In mai ya cika amma fitilar ba ta mutu ba, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gida. A jawo motar. Kuɗin jan mota bai kai na injin da ya buga ba.

Fitilar batir sau da yawa ba laifin batir ba ne. A fara duba fanbel da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, kafin a sayi sabo. In fitilar zafin inji ce ta kama kuwa, kada a buɗe lagireto sai inji ya huce, ruwan yana ƙona fuska.

Mai siffar inji ita ce ake yawan cutar mutane da ita, domin dalilanta suna da yawa, har da murfin tanki da bai rufu da kyau ba. In tana ƙyaftawa, filogi ko kwail mai ba filogi wuta ne ke yawan jawo haka, a rage gudu a nufi gareji. Ka ce a jona na'urar bincike a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ka rubuta lambar da ta fito, misali P0300. Goge lamba ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo.

Kafin bakanike ya kwance ko noti ɗaya, ku yi ciniki: kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Tambaye shi, “Maigida, sabo za a sa ko na Beljiyam?” In aikin babba ne, ji ta bakin gareji na biyu. Bayan gyara, karɓi tsohon kayan da aka cire, ka sa shi a but.