Kurakuran masu bibiyar ƙananan tseren keke, da gaggawar yanke wa mahaya hukunci

Wanda ya shigo harkar tseren keke ta ƙofar Tour de France yakan rikice in ya koma kan ƙananan gasanni irin su Tour du Faso ta Burkina Faso, wadda aka fara a 1987, ko Tour du Rwanda. Kyamara kaɗan ce, wani lokacin ma sai guntun bidiyo da takardar sakamako. Daga nan kurakuran suke tasowa.

Na farko mai sauƙi ne: rashin gane lambobin da ke gaban sunan gasa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ita ke sa su. Lambar farko in 1 ce, tseren yini guda ne. In 2 ce, tsere ne mai zanguna. Ta biyun ita ce daraja, 1 ta fi 2. Tour du Faso ta daɗe a matsayin 2.2, Tour du Rwanda kuwa ta hau 2.1 a 2019. Kada ƙanƙantar daraja ta sa ka raina su. A gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango a 2019 yana ɗan shekara 18, shekara biyar kafin ya lashe koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a Tour de France.

Sai auna mahayi da matsayin da ya ƙare. Ka ga mutum na 90, ka ce rago ne. Alhali wataƙila shi ya wuni a gaban ayari yana tare wa jagoransu iska, shi ya koma mota ya ɗebo gorunan ruwa ya cusa a riga, shi ya ba da tayarsa da jagoran ya yi faci. Aikin da aka ɗauke shi ke nan. Kafin ka yi magana, duba inda abokan ƙungiyarsa suka ƙare.

Haka mahayin da ya lafe a bayan wasu ya ƙi karɓar gaba. Wanda ke biye da wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, shi ya sa sauran kan fusata, har ka ga na gaba yana kaɗa gwiwar hannu yana waiwaye. Ba doka ya karya ba. In jagoransa na cikin ayarin da ke biye, ba shi da dalilin taimaka wa waɗanda suka tsere. Jiran mai rigar jagora, wato wanda ke kan gaba a gasar baki ɗaya, in sarƙarsa ta zame shi ma kara ce, ba ya cikin kundin doka.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne gudun ƙarshe. Gogayyar kafaɗa a mita 200 na ƙarshe ba ita ce laifi kai tsaye ba. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne ko mahayi ya kauce daga layin da ya ɗauka har ya tare wani ko ya jefa shi cikin haɗari. Hoton gaba yana ruɗi, domin yana haɗe mutanen da ke da tazara. Nemi wanda aka ɗauka daga sama, in akwai. Dokar ba ta wasa ba ce: a Tour de Pologne ta 2020 Dylan Groenewegen ya matse Fabio Jakobsen jikin shinge, Jakobsen ya ji mummunan rauni, aka dakatar da Groenewegen wata tara.

Ga kuma batun gora. Mahayi ya matso jikin motar ƙungiya, koci ya miƙo gora ta taga, hannu biyu suka riƙe ta, direba ya ɗan taka mai. Daƙiƙa ɗaya ko biyu, a kan kau da kai. In abin ya yi tsawo, tara ce da kuɗin Suwizalan, ko ƙarin lokaci. Riƙe motar kanta kuwa kora ce, kamar yadda aka yi wa Vincenzo Nibali a Vuelta, babban tseren Sifaniya, ta 2015. Ni dai a ganina alƙalai sun fi tsananta wa wanda kyamara ta kama, amma wannan wata magana ce.

Wasu kan yi ihun an yi maguɗi in mahayi ya faɗi, ya shigo da jini a gwiwa bayan minti biyu, aka ba shi lokaci ɗaya da ayari. Doka ce: faɗuwa ko lalacewar keke a kilomita 3 na ƙarshe a zangon da ba a kan dutse yake ƙarewa ba, yawanci ba ta cin lokacin mutum.

Kada kuma ka dogara da sakamakon da ya fara fitowa a Facebook. A ƙananan gasanni yakan canza bayan awa guda. Jira sanarwar alƙalai da ake fitarwa bayan kowane zango, wadda ke jera sunan mai laifi, lambar dokar da ya karya da hukuncinsa, sannan ka gwada da abin da shafukan intanet na sakamakon tsere, ProCyclingStats ko FirstCycling, suka sa da dare.