Yadda mai fassara zai magance ciwon fargaba ba tare da ya ajiye aiki ba

Ƙarfe 2 na dare, janareta na kuka, saura shafi 8, mai aiki kuma yana jira da safe. Gabanka na faɗuwa, tafin hannunka ya jiƙe, ka karanta jimla ɗaya sau goma ka kasa wucewa. Na yi wannan zaman a ɗakina na Samaru, na kuma ga ƙannena a sana'ar nan suna yin sa.

Fara bambance gajiya da ciwo. Wanda ya miƙa aiki ya kwanta har da minshari, gajiya ce kawai. Wanda ya miƙa amma zuciyarsa ta ƙi sauka, kullum yana zullumin an gano masa kuskure, barci ya gagara, wuya ya sanƙare, wannan ya wuce gajiya. Likitoci kan duba ko abin ya kai wata 6, amma kada ka zauna kana ƙirga.

Sai ka rage goro da kofi. Ni dokata, daga la'asar babu ko ɓari ɗaya.

Daga nan asibiti. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ba sai mutum ya haukace yake zuwa ba. Ka nemi gwajin jini, don ciwon tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, na kawo irin wannan bugun zuciyar.

Wurin magani ne mutanenmu ke faɗuwa. Wani sai ya biya kemis ya sayi diazepam, ga araha, ga barci a daren farko. Kafin ya ankara jikinsa ya saba, ba ya iya runtsawa sai da shi, da rana kuma kai ya yi nauyi, fassara ta zama kwaɗo. Wanda likita ya fi rubutawa, irin su sertraline, ba haka yake aiki ba. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ka ji daɗinsa, a makon farko ma fargabar na iya ƙaruwa, ga tashin zuciya. Ni a kwana na goma na ce wannan ba magani ba ne, na wurga shi durowa, na ƙara wata uku ina wahalar banza. Ka daure. In ya dame ka, koma wa likitan ya gyara maka adadin. Ko ka samu sauƙi kada ka yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Ka kuma tambayi jinyar tattaunawa ta CBT, ko da kuɗin motar Shika zai ɗan ci aljihu. Idan tunanin cutar da kanka ya zo, ranar za ka tafi asibiti.

Aikin kuwa, ni ban wuce kalma 2,000 a rana. In ka ga wa'adi ba zai yiwu ba, sanar da mai aiki tun da sauran kwana biyu. Bayan isha'i kashe WhatsApp, wayar ta kwana a falo.