Neman Digiri na Biyu a Fannin Jinya: Aikin da Ake Yi Kafin a Sayi Fom

Yawancin ma'aikatan jinya da ke son yin mastas, wato digiri na biyu, suna fara tunaninsa ne ranar da suka ga jami'a ta fara sayar da fom. A lokacin kuwa an makara, domin abubuwan da ke sa a ɗauki mutum, su kuma sa ya gama a kan lokaci, ana tara su ne shekara biyu ko uku kafin nan, a gefen gadon majinyaci. Bayanin da ke tafe ya shafi jami'o'in Najeriya ne, musamman ga mai aiki a Arewa.

Da farko ka san matakin da kake. Mastas na jinya ana gina shi ne a kan digirin farko na jinya, BNSc, wanda ake yi cikin shekara biyar. Wanda ke da takardar RN kaɗai, wato ta ma'aikacin jinya mai rijista, daga makarantar jinya, ko da ya ƙara da ta unguwarzoma, bai isa ya nemi mastas kai tsaye ba. Sai ya fara yin digiri, ko ta hanyar shiga aji biyu da fom ɗin JAMB na masu takardar gaba da sakandare, ko ta karatun nesa irin na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da na Jami'ar Ahmadu Bello. Mai HND kuma ya tambayi sashen da yake so tun da wuri, don a jami'o'i da yawa sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri tukuna.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Kwasa-kwasan ƙwarewa da ake yi bayan RN, irin su jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko jinyar taɓin hankali a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, ba mastas ba ne. Suna ɗaukar shekara ɗaya zuwa wata 18, kuma hannu suke gogewa: ka fito ka iya aikin wannan sashe. Mastas kuwa bincike ne da koyarwa da shugabanci. In burinka ka zama gwani a ɗakin tiyata, kwas ɗin ƙwarewa ya fi maka amfani a yanzu. In burinka ka koyar a jami'a, ko ka kai ga digiri na uku, to mastas ne hanyarka. Wanda ya haɗa biyun a fanni guda shi ya fi kowa tsayuwa da ƙafarsa.

Bayan digiri akwai shekara guda ta aikin sanin makama a asibitin da aka amince da shi, sannan bautar ƙasa. Guraben wannan shekara ba su kai yawan masu nema ba, saboda haka kada ka tsaya jiran asibiti ɗaya. Ka nema a asibitocin koyarwa irin su Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, ka kuma nema a cibiyoyin lafiya na tarayya. A wannan shekarar za a zaga da kai sassa: ɗakin masu ciwon ciki da zuciya, ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, na yara, na haihuwa, da sauransu. Kada ka ɗauke ta shekarar cika sharaɗi. Ita ce kaɗai lokacin da za ka ɗanɗana kowane sashe ana biyanka, ka gane inda zuciyarka ta kwanta.

Da ka gane, sai ka tsaya wuri guda. Nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Wanda ya yi wata huɗu a sashen gaggawa, ya yi wata uku a kantin magani, ya koma wani asibitin kuɗi yana karɓar kati, a takarda ya yi aiki, amma ba shi da abin da zai ce ya sani ciki da waje. Wanda ya zauna shekara biyu a ɗakin haihuwa kuwa ya ga jijjiga ba sau ɗaya ba, ya san yadda ake ba da sinadarin magnesium da alamomin da ake dubawa kafin a ƙara, ya san cewa zubar jinin da ya kai mililita 500 bayan haihuwa ba abin jira ba ne, ya kuma san dalilin da ya sa ake barin takardar bibiyar naƙuda ba a cike ba a dutin dare. Wannan sani na ƙarshe shi ne zinariya, domin daga irinsa ake samun batun bincike. Ba kowace jami'a ce ke gindaya shekarun aiki a matsayin sharaɗi ba, amma malamin da zai yi maka tambayoyi yana gane bambancin cikin minti biyar.

Ka buɗe littafi na musamman tun ranar farko. A kowane mako ka rubuta ayyukan da ka yi da hannunka da adadinsu: sa robar fitsari, sa robar hanci ta abinci, ƙarin jini, wanke ciwo, auna farkawar wanda ya suma da ma'aunin Glasgow mai maki 3 zuwa 15, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. A wani shafin kuma ka rubuta abin da ya dame ka: me ya sa gyambon kwanciya ke yawa a wannan ɗaki alhali ƙa'ida ta ce a juya majinyaci duk awa biyu? Ƙarancin ma'aikata ne, ko rashin katifar da ta dace, ko ba a auna haɗarin tun ranar kwantarwa? Kada ka taɓa rubuta sunan majinyaci ko lambar katinsa a wannan littafi. Amana ce, kuma littafi yana iya faɗawa hannun kowa. Bayan shekara za ka tarar tambaya biyu ko uku suna ta dawowa. Ɗaya daga cikinsu ita ce kundin bincikenka.

Ka kuma nemi a ba ka ɗalibai ka duba su idan sun zo koyon aiki, ka shiga kwamitin hana yaɗuwar cuta na asibiti in akwai, ka karɓi gabatar da darasi a taron ƙara wa juna sani. Duk wanda ka yi, ka karɓi takardar shaida mai sa hannu a lokacin. Metiron da ta san aikinka yau tana iya yin ritaya baɗi.

Yanzu takardu. Abin da aka saba nema shi ne: sakamakon sakandare mai kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, takardar digiri mai daraja ta biyu ƙarama aƙalla, wato daga maki 2.40 a ma'aunin maki biyar; takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa; rijista da lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Najeriya, NMCN; cikakken sakamakon jarrabawa na shekarun digiri, wanda ake kira tiranskirif; da wasiƙun masu tsaya maka.

Abubuwa uku ne ke kayar da mutane a nan. Na farko tiranskirif. Ba a hannunka ake ba ka shi ba, tsohuwar jami'arka ce ke aika shi kai tsaye zuwa makarantar karatun gaba da digiri ta inda kake nema, kuma yana iya cin makonni ko watanni. Ka biya kuɗinsa da zarar ka yanke shawarar inda za ka nema, ka adana rasit, ka bi sawu har ka tabbatar ya isa an kuma haɗa shi da fayil ɗinka. Na biyu lasisi. Yana ƙarewa, kuma sabunta shi yana buƙatar shaidar halartar horon ci gaba na dole, MCPDP. Wanda ya bar nasa ya mutu zai tarar rijistar jami'a ta tsaya masa a kan abin da zai iya gyarawa tun bara. Na uku suna. In a WAEC kai Muhammad Sani ne, a digiri Mohammed Sani Musa, a lasisi kuma wani tsarin daban, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu. Wannan ya fi shafar 'yan'uwa mata da suka canza suna bayan aure.

Masu tsaya maka su zama mutanen da suka san aikinka, ba masu babban suna kawai ba. Malamin da ya duba kundin digirinka da shugabar ɗakin da kake aiki sun fi farfesan da bai taɓa ganinka ba. Ka ba su wata guda, ka kuma miƙa musu tarihin aikinka a rubuce domin su sami abin kamawa.

Wajen zaɓen jami'a, kada ka duba kusanci da gida kaɗai. Jami'ar Ibadan ce ta fara digirin jinya a ƙasar nan a 1965, a Arewa kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano suna da mastas a fannin. Rassan da aka saba gani su ne jinyar manya da tiyata, lafiyar uwa da yaro, lafiyar al'umma, lafiyar ƙwaƙwalwa, da koyar da jinya. Tambaya mafi muhimmanci ita ce: a reshen da kake so, malamai nawa ne masu digiri na uku, kuma ɗalibai nawa kowannensu ke dubawa? Karatun da aka tsara shekara biyu yana kai wa huɗu ne galibi saboda ɗalibai sun yi wa mai duba kundi yawa. Ka sami wanda ke cikin sashen yanzu ka tambaye shi. Kuɗin fom kuma a biya shi ta shafin jami'ar kawai. Jami'o'in tarayya suna karɓa ne ta Remita, ba ta asusun wani mutum ba.

In an kira jarrabawar tantancewa ko ganawa, ka sake bitar hanyoyin bincike da ƙididdiga, don nan ne ma'aikacin asibiti ya fi yin tsatsa. Ka iya bayyana batunka a jimla uku: matsalar, inda ka gan ta, da yadda za ka auna ta. "Ina so in yi bincike a kan mace-macen mata masu juna biyu" ya yi faɗi, ba wanda zai gama shi. "Ina so in duba yadda unguwarzoma ke cike takardar bibiyar naƙuda a manyan asibitoci uku na jihata, da abin da ke hana su" abu ne da za a iya yi cikin wata shida.

Sai batun wurin aiki. A aikin gwamnati ana tabbatar da ma'aikaci ne bayan shekara biyu na gwaji, kuma hutun karatu da albashi yawanci sai wanda aka tabbatar. Ana kuma sa hannu a yarjejeniyar dawowa a yi aiki na wasu shekaru bayan an gama. Ka karanta ta da kyau kafin ka sa hannu. Ka rubuta neman izini ta hannun shugaban sashenka kafin ka nemi gurbi, ba bayan takardar shiga ta fito ba. Masu fara karatu a ɓoye suna musayar duti da abokan aiki sukan kai zangon farko lafiya, amma da an zo lokacin tattara bayanai sai abin ya kwaɓe, a rasa ko dai aikin ko karatun.

Abu na ƙarshe da za ka sa a lissafin lokaci shi ne izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ba a taɓa majinyaci ko fayil ɗinsa da sunan bincike sai kwamitin asibitin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ya amince a rubuce, kuma kwamitocin ba kullum suke zama ba. In mutanen da za ka yi wa tambayoyi Hausa suke ji, za a buƙaci takardar tambayoyin da ta neman yarda a fassara su, wani daban kuma ya mayar da su Ingilishi a gwada ko ma'ana ba ta sauya ba. Ka ware wa wannan mataki wata biyu zuwa uku, ka kuma miƙa takardunka a makon da aka amince da tsarin bincikenka.