Faya-fayai a Bayan Labule: Kurakuran da Muke Yi da Akwatin Ajiyar Bayanai

Duk wanda ya taɓa kai hatsi sito a babbar kasuwar Garwa ya san tsarin. Ka kawo buhu ashirin, mai sito ya rubuta a littafinsa, ka yi tafiyarka. Ba ruwanka da ko a lungun gabas ya jibge su, ko gobe ya sa yara su kwashe su zuwa yamma don rufin wancan ɓangaren yana yoyo. Abin da ka sani kawai, buhu ashirin gare ka, kuma ranar da ka zo za a fito maka da su.

Aikin da akwatin faya-fayai na zamani yake yi ke nan, abin da abokan aikinmu masu Faransanci ke kira birtiwalizasiyon. A da, kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, da nata faifai. Ta lissafin kuɗi ta cika maƙil, ta wasiƙu kuwa ko rabi ba ta ci ba, kuma babu hanyar da wannan za ta ara wa waccan. Yanzu sai a tara faya-fayan duka a akwati ɗaya, kwantirola, wato ƙwaƙwalwar akwatin, ta haɗe su su zama tafki guda, a yanka wa kowace saba rabonta. Ita sabar gani take faifai ɗaya aka ba ta, alhali bayananta suna warwatse a kan takwas ko goma sha biyu, kwantirola ce ke riƙe da littafin. Ana ƙara wa rabo girma ba a kashe komai ba, ana sauya faifai mutane suna cikin aiki, kuma karatu ya fi sauri tunda faya-fayai da yawa ke amsawa a tare.

Sauƙin gaskiya ne. Amma kusan duk ɓarnar da aka taɓa kira na in gyara, tsakanin Garwa da Marwa har Ngaundere, tushenta ɗaya: an ga labule, an manta akwai ƙarfe mai juyawa a bayansa.

Lissafin fili

Wani Alhaji mai kamfanin sufuri ya taɓa tsare ni a ofishinsa da rasit a hannu. "Malam, faifai takwas na saya, kowane tera 4. Ko ɗan firamare ya san 32 ke nan. Ina sauran suka shiga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ci maka." Na jawo takarda. Faifai ɗaya mun ajiye shi na ko-ta-kwana, saura bakwai. Tsarin RAID 6, wato hanyar raba bayanai a faya-fayai don kada mutuwar faifai ta jawo asara, yana cin filin faifai biyu don lissafin ceto, wanda da shi ake dawo da abin da ya ɓace, saura biyar, tera 20. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024, shi ya sa faifan tera 4 yake fitowa 3.64 a allo, ashirin ɗin ta koma 18 da 'yan kai. Sannan ba a son tafki ya wuce kashi 80 cikin ɗari, musamman mai tsarin ajiyar da ake kira ZFS, don yana fara jan ƙafa. Abin da za a mora da kwanciyar hankali bai kai tera 15 ba.

Gyaran wannan ba a na'ura yake ba. A yi wa mai kuɗi wannan lissafin a takarda kafin ya fitar da ko sefa ɗaya.

Rabon alkawari

Nan ne aka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe.

Akwatunan yanzu, daga manya irin na NetApp da Dell da HPE har ƙananan Synology da TrueNAS da muka fi gani a nan, suna ba ka damar yi wa saba alkawarin filin da ba ka da shi. Tafkinka tera 15 ne, sai ka yanka wa sabobi biyar tera 6 kowace. Ka yi alkawarin 30. Akwatin ba ya cire fili sai an rubuta wani abu da gaske. Dabara ce mai kyau, domin yawancin sabobi ba sa cin rabin abin da masu su suka nema. Kamar uwar adashi ce da ta san ba rana ɗaya kowa zai zo kwasa ba.

To ranar da kowa ya zo fa? Kowace saba tana duba kanta ta ga tana da sauran wuri, wannan ta ce saura tera 3, waccan ta ce 2, alhali tafkin ya ƙafe. Ba ɗaya ce za ta tsaya ba, duka ne, lokaci guda. Na ga haka a wani ofishin ajiya da ba da rance ranar biyan albashi. Layi har bakin titi, masu karɓar kuɗi sun zuba wa allo ido, shi kuma yaron da ke kula da kwamfutocin yana ta rantse-rantse cewa jiya ya duba kowace saba, duk akwai fili. Gaskiya ya faɗa. Tafkin ne bai taɓa leƙawa ba.

Abin yi: a sa ƙararrawa a kan tafkin kansa, ta farko a kashi 70, ta biyu a 85, kuma a tabbatar saƙon yana isa ga mutumin da yake karanta shi. Sau da yawa nakan tarar saƙon yana tafiya imel ɗin wanda ya bar aiki shekara biyu. A riƙa rubuta yawan abin da tafkin ya ci duk wata, ko a littafi ne, don a san saurin cikarsa. Mu nan faifan saba ba abin da za ka shiga shago ka ɗauko ba ne. Daga Duwala ko Yawunde zai taso, wani lokaci daga waje, ya biyo jirgin ƙasa ko mota. Wanda ya jira kashi 95 kafin ya yi oda ya makara.

Akwai kuma wani abin da ke rikita mutane. Ka goge fayil na giga 500 a saba, ka duba tafki ka ga bai ragu ba. Sabar ta goge a littafinta ne kawai, ba ta gaya wa akwatin ba. Sai an kunna umarnin da ake kira UNMAP ko TRIM kafin filin ya koma tafki.

RAID 5 a kan manyan faya-fayai

Sunan RAID ya bazu ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1988, lokacin da ake auna faifai da mega. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya. Matsalar ita ce lokacin sake gini, wato dawo da bayanan mataccen faifan a kan sabo. Faifan tera 8, ko da ana rubuta masa mega 150 a daƙiƙa ba tsayawa, sai ya ci kusan awa 15. In mutane suna aiki a kan akwatin, kwanaki ne. Duk tsawon wannan lokaci ana karanta sauran faya-fayan daga farko har ƙarshe, kuma galibi sa'annin juna ne, rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha. Na biyu ya faɗi, an tashi daga wasan. Kuma tunda tafki ne, ba saba ɗaya za ta yi asara ba, kowa da ke ciki ya shiga uku.

Ni dai faifai ya wuce tera 2 ba na sa shi a RAID 5. Ko RAID 6, ko RAID 10, mai ajiye komai a faifai biyu, in wurin rumbun bayanai ne mai yawan rubutu. A kunna sharar da akwatin ke yi wa kansa, wadda yake bin kowane lungu yana karantawa, aƙalla sau ɗaya a wata, don a gano ruɓaɓɓen wuri tun akwai abin gyara shi. A kuma kauce wa faya-fayan SMR, masu ɗora layin rubutu a kan gefen wani, a cikin tafki, komai arharsu. A sake gini ne suke nuna halinsu.

Hoto ba kwafi ba ne

Akwatin yana iya ɗaukar hoton yadda bayanai suke a wani lokaci, cikin ƙiftawar ido. Wani ya goge babban fayil da azahar, ka koma hoton hantsi ka ɗauko. Daɗin wannan ne ke sa mutane su daina yin kwafin ajiya. Amma hoton a kan faya-fayan nan dai yake zaune. Tafki ya mutu, ya tafi da hotunansa. Ɗaki ya kama wuta, ko ruwan damina ya shigo, ko ɓarawon intanet ya samu kalmar sirrin mai kula da akwatin, haka nan. Ga shi hotuna suna cin fili a ɓoye: duk abin da aka canza bayan an ɗauki hoto, tsohonsa yana nan riƙe. Hoton da aka manta wata takwas yana iya zama shi ya cinye tafkin.

Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kada ka ce intanet zai ɗauke maka na farko: tera 2 a layin megabit 10 ya haura kwana 18 ba yankewa, kai ma ka san layinmu. A zuba kwafin farko a faifan hannu, a kulle shi da kalmar sirri, a ba direban da aka yarda da shi ya kai reshen Marwa, daga nan sai a riƙa tura sauye-sauye kawai da dare. Duk wata uku a gwada dawo da wani abu daga kwafin a gani da ido.

Wuta da zafi da ƙura

Littafin da ya zo da akwatin, a ƙasar da ba a ɗauke wuta aka rubuta shi. Mu kuwa in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya da rani, mun san yadda kuran, wato lantarki, yake zuwa yana tafiya.

Kwantirola tana da aljihu mai sauri. In saba ta aiko rubutu, sai ta jefa a aljihun ta ce "an gama", daga baya ta sauke a faifai. Rabin saurin akwatin daga nan yake. Abin da ke tsare aljihun in wuta ta tafi ɗan batiri ne ko makamancinsa a cikin kwantirolar. In ya mutu, akwati mai hankali zai daina amfani da aljihun, komai ya yi nauyi, a yi ta zagin intanet. Babban kuskure shi ne wani gwani ya shiga ya tilasta aljihun ya ci gaba da aiki ba batiri don sauri ya dawo. Ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta lalata rumbun bayanai.

Ondular ma, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, batirinta na darma don ɗaki mai digiri 25 aka yi shi, kuma ƙarin digiri kamar goma yana rage masa rabin rai. A watan Maris da Afrilu Garwa tana haura 40. Wadda aka ce tana riƙe minti 20 sai ka tarar ko gurup, wato janareta, bai gama tashi ba ta sheƙa. A gwada ta da kaya a kanta, a kuma haɗa ta da akwatin ta waya don ya kashe kansa cikin tsari in batiri ya kusa ƙarewa. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta kan ondular, saboda haka in gurup bai ɗauke ta ba, ƙaramin ɗaki a rufe ya zama tanda cikin ɗan lokaci. Da hunturu kuma ƙurar buji ce ke toshe fanka. A hure ta duk wata, ba sai an ji ƙara ba.

Sauri

Tafki ba ya haihuwar sauri, rabawa yake. Faifai mai juyi 7200 a minti yana yin aiki wajen 80 zuwa 100 a daƙiƙa in bayanan a warwatse suke. A RAID 6 kowane ƙaramin rubutu yana jawo aiki shida, don sai an karanta an sake lissafin ceto. Faya-fayai bakwai ke nan sun koma kamar ɗaya wajen irin wannan rubutun, in ba aljihu ya rufa asiri ba. Sai kuma a ɗauko kyamarorin tsaro masu rubutu dare da rana a zuba su tafki ɗaya da lissafin kuɗi. A ware musu nasu, ko a sa wa rabonsu iyaka.

Akwatin da ke da hawa biyu, SSD, faifai mai sauri marar juyi, a sama da masu juyi a ƙasa, yakan ɗaga abin da ake yawan taɓawa ya saukar da wanda aka bari. Bai san kalanda ba. Fayil ɗin albashi yana kwance kwana 25, an sauke shi ƙasa, ranar da ake bukatarsa sai ya taso da ƙyar. Haka bayanan masu sayen auduga in kaka ta zo. Irin waɗannan a kafe su a hawan sama da hannu.

Kwantirola biyu kuma, in duk wayoyinsu a suwic ɗaya suka shiga, wato na'urar da ke haɗa su da sabobi, ɗaya gare ka. A raba su, a kunna tsarin hanya biyu a saba, a zare waya ɗaya ranar Asabar a gani.

Zare faifai

Tunda allo ba ya nuna maka ƙarfen sai suna, lambar da manhaja ta ba faifai ba dole ta yi daidai da ramin da yake ciki ba. Wani akwati daga sifili yake fara ƙirga, wani daga ɗaya. Yaron da nake koya wa aiki ya taɓa bugo mini waya daga wani ofishi: "Oga, ya ce lamba 3 ne ya mutu, na ƙirgo na uku zan zare."

Na ce, "Tsaya, ɗana, cire hannunka. Ka kunna fitilar ramin?"

Ya yi shiru. Na sa ya shiga manhajar ya danna wurin da ke sa fitilar faifan ta yi ƙyalƙyali, ya kuma karanto mini lambar serin da ke allo. Fitilar rami na huɗu ce ta kama. RAID 5 ne akwatin, da ya zare na uku da an rasa biyu ke nan. Da yamma ya dawo shago ya sayi farin salatif, washegari ya koma ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana manna wa kowane lambar serin faifan da ke cikinsa.