Yadda ake magance jan ƙafar firinta wajen buga babban kundi

Duk mai aiki a sakatariyar wata ma'aikata ko a shagon buga takardu a Maraɗi ya san halin da ake shiga idan ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suka fara kawo kundin kammala karatu, ko 'yan kwangila suka zo da tarin takardunsu: firintar da ke fitar da wasiƙa nan take sai ta koma tana sakin shafi ɗaya, ta yi tsit, sannan ta saki wani. Kafin a kira mai gyara, ya kamata a gano inda aikin ke maƙalewa, domin galibi laifin ba na na'urar ba ne.

A fara da gwada na'urar ita kaɗai. A buga shafin gwaji daga maɓallan jikinta, ko a yi fotokofin shafi 20 idan tana yin fotokofi. In takardun suka fito a jere ba tsayawa, to injinta lafiya lau yake. Daga nan sai a aika mata da rubutu zalla mai shafi 20 daga Word. Idan shi ma ya fita da sauri, a koma kan kundin da ake son bugawa.

Nan ne matsalar ta fi yawa. Yawancin manyan kundayen PDF ne da aka cusa wa takardun da aka yi wa sikan, da hotuna da hatimai masu launi. Shafin A4 guda mai launi, idan aka ɗauke shi a kan dpi 600 (dpi shi ne yawan ɗigo a kowane inci, ma'aunin ingancin hoto), yana kaiwa kusan megabait 100 sa'ad da aka warware shi don bugawa, alhali a kan dpi 300 bai wuce 26 ba, saboda ninka dpi sau biyu yana ninka nauyin aikin sau huɗu. Ƙaramar firintar ofis ba ta da ma'ajiyar da za ta ɗauki wannan kaya a lokaci guda, shi ya sa take tsayawa tsakanin shafi da shafi. Maganin shi ne a shiga saitin bugawa a sauko da ingancin daga 1200 zuwa 600 ko 300, a zaɓi baƙi da fari, sannan a raba kundin, a buga shafi na 1 zuwa 50, a bi da 51 zuwa 100. Takardar da za a sa wa hannu a ajiye a kabad ba ta buƙatar ingancin hoton biki. Idan kuma shafi guda ne mai taswira ko zane ke tsayar da komai, a zaɓi «Imprimer comme image», wato buga shi kamar hoto, a manhajar Adobe Reader, ta yadda kwamfuta za ta yi wahalar a madadin firinta.

Sai layin jira na Windows, inda tsohon aikin da ya maƙale kan tare hanya. A buɗe services.msc, wato jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa, a tsayar da «Spouleur d'impression» mai kula da layin jiran, a share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan a sake tayar da shi. A tabbata kuma faifan C bai cika ba, domin a can ake sauke aikin kafin ya wuce.

Hanyar da aikin ke bi ita ma tana da nata tasirin. Wi-Fi ɗin da mutum goma ke rabawa ba zai kai kebul ɗin USB ko kebul ɗin sadarwa sauri ba, don haka a gwada da kebul. A sauko da direban ainihi, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma in akwai zaɓi tsakanin PCL 6 da PostScript, wato harsunan da direba ke aika wa firinta aiki da su, a gwada kowanne da kundin guda, ko da yake ga takardun ofis PCL 6 ya fi saurin sallama.

Idan shafin gwajin farko ne ma ya fito a hankali, a duba saitin na'urar kanta. Wani kan zaɓi takarda mai kauri don buga bangon kundi ya manta bai mayar ba, firintar leza kuwa da gangan take rage gudu ga irin wannan takarda domin hoda ta kama sosai. Saitin rage ƙara da buga gaba da baya su ma suna rage gudu. A zafin Afrilu da Mayu, wasu na'urorin kan dakata su huce a tsakiyar dogon aiki, saboda haka a janye ta daga jikin bango, a kakkaɓe ƙurar hunturun da ta toshe kafofin iskarta, a kuma ba ta hutun 'yan mintoci tsakanin kashi da kashi.