Ga masu ɗaukar 'yan yankan ciyawa a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yawancin ɓarnar da ake yi wa shukoki ba babban injin ke yin ta ba, ɗan ƙaramin nan ne mai zaren roba da suke bin gefe-gefe da shi. Zaren yana juyawa da ƙarfi, da ya daki gindin dashe sai ya ɗaye ɓawon. To, ta ƙarƙashin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa ke gangarowa zuwa saiwa. In raunin ya zagaye gindin kaf, bishiyar ta tafi, ko da yau kana ganinta kore shar. Dashe biyu na rasa kafin na farga, ina ta zargin ƙarancin ruwa.

Abin da ya fisshe ni: na cire ciyawa kamar taku ɗaya kewaye da kowane dashe, na shimfiɗa busasshen ganye, ban bari ya taɓa gindin ba. Mai yanka ba shi da dalilin matsowa kenan. Ƙananan kuma na tsaga bututun roba na sa musu a gindi.

Ranar farko ka zagaya da masu yankan, ka kafa sanda mai jan ƙyalle inda furanni suke. Ma'aikatan canzawa suke, wanda ka nuna wa jiya ba lallai shi zai zo ba. Ka ɗauki hoto kafin su fara. In an yi ɓarna, tura wa shugabansu a ranar, kafin ka biya. Fesa maganin ciyawa kusa da shuka kuwa, ka hana tun farko.