Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a aikin lektin, da yadda nake gyara su

Kowace shekara idan lokacin aikin binciken kammala digiri ya zo, sai na ga ɗalibai sun ɗauki lektin don suna jin aiki ne mai sauƙi: ka niƙa iri, ka zuba wa jini, ka rubuta sakamako. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon rukuni, shi ya sa na ce bari in rubuta ta kowa ya karanta kafin ya taɓa kwalba.

Lektin furotin ne da ke kama sukari ya riƙe ba tare da ya sare shi ko ya canza shi ba. Tun 1888 wani mai bincike mai suna Stillmark ya ga ruwan irin zurma yana dunƙule jajayen ƙwayoyin jini, kuma har yau da wannan gwajin muke farawa. To, a nan ne kuskure mafi tsada yake.

Ɗalibi zai je Dawanau ya auno gyada mai kyau, ya daka, ya jiƙa a ruwan gishiri, ya tace, ya zuba wa jinin abokinsa a farantin nan mai ramuka 96. Sai ya ga jinin ya sauka ƙasa ya zama ɗigo ɗaya a kowane rami, ya rubuta cewa gyadar Kano ba ta da lektin. Subhanallahi! Gyada fa tana cikin waɗanda aka fi sanin lektin ɗinsu a duniya, tun 1975 Nathan Sharon da abokan aikinsa suka tsarkake shi. Abin da lektin ɗin gyada yake nema shi ne sukarin galaktos haɗe da wani ɗan'uwansa, sukari biyu da ake kira antijin T. A jikin ƙwayar jinin mutum mai lafiya, wannan wuri a rufe yake da wani nau'in sukari mai suna sayalik asid, kuma muddin ba a cire murfin da enzayim niyuraminides ba, lektin zai wuce bai ga komai ba. Akwai wata ɗaliba da nake duba aikinta, mai ƙoƙari ƙwarai, ta yi wannan gwajin a wani ɗakin gwaji daban ba tare da na gani ba, ta gina babi biyu a kan "babu". Ranar da ta kawo mini ta ce, "Malam, na gama," na tambaye ta wane irin jini ta yi amfani da shi. Sai da muka sake aikin daga tushe, kuɗin sinadaran da na ware wa ɗalibai uku ya tafi a kan mutum ɗaya, ita kuma ba ta fita tare da 'yan ajinsu ba. Har yanzu abin yana ci mini rai. Dokata tun daga nan ita ce, babu wanda zai rubuta "babu" sai ya gwada jinin rukunin A da B da O, ya gwada na zomo, sannan ya gwada wanda aka yi wa wanka da enzayim. Wasu abokan aikina suna ganin na cika tsanani. Ni dai haka nake yi.

Tushen wannan kuskure shi ne tunanin cewa sukari sukari ne. Ku zana gulukos da galaktos a allo, za ku ga bambancinsu wuri ɗaya ne tak: rukunin OH na kan kabon na 4, a ɗaya yana kwance, a ɗayan yana tsaye. Wannan kaɗai ya isa. Konkanabalin A, wani lektin na dangin wake mai amino asid 237 a kowane ɓangare, yana kama mannos da gulukos amma ba ya kula galaktos, domin aspartet da asparajin, amino asid ɗin da ke bakin ramin da sukari ke shiga, suna jiran OH ɗin a kwance ne. Lektin ɗin gyada kuwa akasin haka yake. Galaktos yana da fuska ɗaya mai ƙin ruwa, ita ce ke kwanciya a kan zoben amino asid ɗin tairosin, haɗin haidirojin kuma ya riƙe sauran gefen. Saboda haka idan za ku yi gwajin hanawa, wato zuba sukari a ga ko zai hana jini dunƙulewa, ku jera sukari daban-daban, kada ku ɗebo gulukos kaɗai don shi ne a kan kanta. Ga gyada, laktos da galaktos za su hana dunƙulewa, gulukos ba zai yi komai ba.

Kuskure na biyu ya zo ne da kwamfuta, kuma shi ya fi ba ni haushi yanzu. Yaro zai sauko da hoton tsarin furotin daga PDB, rumbun tsarin furotin na intanet, ya kalli wani bidiyo a YouTube da ya ce a share duk abin da ba furotin ba, sai ya goge ruwa, ya goge kalsiyam, ya goge manganis, ya jefa sukari a ciki, manhaja ta ba shi lambar ƙarfin kamun, ya kawo mini yana murna. Wa ya ce maka ƙarafan nan datti ne? A lektin na dangin wake, kalsiyam da manganis ba sa taɓa sukarin da kansu, amma su ne suke ɗaure lanƙwasar sarƙar furotin har ramin ya samu siffarsa. A konkanabalin A su ne ke riƙe wani haɗi na musamman tsakanin alanin na 207 da aspartet na 208, kuma in babu su aspartet ɗin ba zai fuskanci sukari ba. A lektin na dabbobi da ake kira nau'in C, irin wanda ke cikin jininmu yana kama mannos a jikin ƙwayoyin cuta, kalsiyam ɗin da kansa yake riƙe OH na 3 da na 4. Drickamer ya nuna a 1992 cewa canza amino asid biyu kacal a gefen kalsiyam ɗin yana juya furotin daga son mannos zuwa son galaktos. Ruwan ma ba duka ake zubarwa ba. Masu bincike a Bangalor ta Indiya sun nuna cewa ɗigon ruwa da suka zama gada tsakanin furotin da sukari suna cikin dalilan da suka sa lektin ɗin gyada ya fi son antijin T a kan laktos nesa ba kusa ba. Abin da nake sa kowa ya yi shi ne, ya ɗauko tsarin da aka fitar da sukarinsa a ciki, ya cire sukarin, ya ce wa manhajar ta mayar da shi. In ta kasa mayar da shi inda yake, kada ya kawo mini wata lamba.

Akwai kuma masu zuwa da fuska a murtuke wai kamun ya yi rauni. Ai haka yake. Ramin lektin ba shi da zurfi, a saman furotin yake, kuma kamun sukari guda ɗaya yawanci sai a ma'aunin milimola, wato sai sukarin ya yi yawa sosai. Ƙarfin yana zuwa ne daga yawa, kamar ƙarangiya: ƙaya ɗaya ba ta riƙe wando, amma dunƙulen sai ka zauna ka cire. Lektin ɗin gyada ɓangare huɗu ne, kowanne da raminsa, gubar kwalara kuma da ɓangare biyar take manne wa hanji. Shi ya sa ma jini ke dunƙulewa, furotin ɗaya ya kama wannan ƙwaya ya kama waccan.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata aiki. Jinin da aka ɗiba a kwalba mai murfi shunayya yana da EDTA, mai tsotse kalsiyam, don haka a wanke ƙwayoyin sau uku da ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin ɗari kafin a haɗa ruwan da ƙwayoyin jinin suke kashi 2 cikin ɗari nasa. Kada a zuba kalsiyam a ruwan fosfet, zai yi fari ya kwanta, ni ruwan sinadarin Tris nake amfani da shi a madadinsa. A cire man gyada tukuna, in ba haka ba zai taso ya rufe ramukan. A bar rami ɗaya da jini da ruwan gishiri kawai. Ɗigo a tsakiya yana nufin babu dunƙulewa, shimfiɗa a faɗin rami ita ce dunƙulewa, kuma da yawa suna karanta shi a juye. Da zafin watan Afrilu a Kano, in wuta ta ɗauke firij ya kwana a kashe, a zubar da ruwan da aka haɗa don gwajin a haɗa sabo.

Masu rubuta "sayalik asid" kawai su yi shiru, ku ƙara mana bayanin yadda aka ɗaura shi. Ƙwayar murar tsuntsaye, wadda ta shigo gonakin kajin Kaduna da Kano a 2006, ta fi kama wanda aka ɗaura wa galaktos ta kabon na 3, ta mutane kuma ta fi kama na kabon na 6, wanda ya fi yawa a hanci da maƙogwaronmu. Duk rahoton da ya zo teburina babu wannan lambar, mayar wa mai shi nake yi ya cike.